Tsakanin Dubai da Gwanzu

Ni ɗan canji ne. Shekara ashirin da uku
ina zaune a inuwar katangar filin jirgin Ikeja.
Kuɗin duniya sun bi ta tafin hannuna,
dirhami, yuwan, dala mai ƙanshin akwati,
amma ƙafata ba ta san matakalar jirgi ba.
Da kunne na san jirage,
yadda makiyayi ke gane kukan shanun wani.

Bayan azahar Isiyaku ya turo saƙo:
"Baba, mun shiga na biyu. Daga Dubai sai Gwanzu."
Zai saro caja da gilashin waya.
Jarin, rabi guminsa ne,
rabi adashen uwarsa na shekara biyu.

Na miƙa wa Basiru mai gyaran waya tawa,
na ce, auna min hanyar nan.
Ya ɗora babban yatsa a kan Dubai, manuni a kan Gwanzu,
ko taki ɗaya bai cika ba.
"Kilomita dubu shida saura kaɗan, Alhaji,
awa bakwai da ɗoriya."
Don ladabi yake ce min Alhaji.
Ban taɓa gyara masa ba.

Dubu shida.
Na yi ta juya lissafin a raina
kamar takardar da nake zargin jabu ce.
Legas zuwa Kano wajen sau shida ke nan
a bayan tirelar albasa,
babu tsayawa shan shayi, babu shingen 'yan sanda,
babu ma ƙasar da mutum zai sauka ya kama ruwa.

Ƙarfe biyar na ɗaure jakata a ƙugu.
A Oshodi sama ta tsage.
Muka cusu a danfo kamar kifin gwangwani,
gwiwata a bayan wata mai kwandon barkono,
kwandasta na rataye a ƙofa, rabinsa na ruwa ne.
Kafin Mil Tu aka ce tanka ta kwanta a titi.
Direba ya kashe mota, ya zare takalmi.

Nan magariba ta same ni, nan ta wuce.
Na sayi gyaɗa ta taga.
Kowane ƙwara na ce, yanzu yana kan teku,
yanzu ƙila Indiya ce a ƙarƙashin kujerarsa,
ko an ba shi abinci, ko ya ji kunyar tambaya,
yaron da ko lilo ba ya so yana ƙarami.
Shi yana haɗiye ƙasashe,
ni allon tallan katifa guda nake kallo tun ɗazu,
har na haddace lambar wayarsu.

Wa ya ce nisa a taswira take?
Ga Alaba Rago can, da ihu zai kai da na kira,
amma ta fi min Sin wuyar zuwa.

Sha ɗaya saura na tura ƙofa,
wandona jiƙe har cinya.
Tasalla ba ta ce sannu ba, ta ce, "Ya sauka?"
Kafin in buɗe baki waya ta yi ƙara:
"Alhamdu lillahi. Gari ya fara wayewa a nan.
Ina neman inda zan yi asuba.
Baba, wai alƙiblarsu yamma take kallo!"

Ta yi dariya har da hawaye, ta tafi ɗumama tuwo.

Na shimfiɗa darduma, bashin salloli a wuyana.
Na fuskanci gabas, kamar kullum.
Sai da na ɗaga hannu zan yi kabbara na tuna:
shi ma yanzu yana tsaye a wani lungun filin jirgi,
jaka tsakanin ƙafafunsa,
fuskarsa na kallon wajen da nake.